Tambaya da Amsa: Gane Tsofaffin Kyamarorin Jamus Masu Fim

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk a kan tsofaffin kyamarorin Jamus suke. Mun zaɓi bakwai mun taƙaita su. Inda muka ce "ido", gilashin gaba muke nufi wanda haske ke bi ya shiga; "shata" kuma shi ne ƙyauren da ke buɗewa ya rufe idan an danna.

Tambaya: Assalamu alaikum. An nuna mini wata ƙaramar kyamara mai ruwan zinare, a samanta an zana "Leica D.R.P. Ernst Leitz Wetzlar", ga hoton mikiya da kalmar "Luftwaffe". Mai ita ya ce ta sojojin saman Jamus ce tun yaƙin duniya na biyu. Yaya zan tabbatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tun daga siffar da ka bayar hankalinmu bai kwanta da ita ba. Leica mai ruwan zinare ta asali, wadda ake kira Luxus, an yi ta ne tsakanin 1929 da 1931, kuma duka-duka ba su kai ɗari ba. Waɗanda rundunar saman Jamus ta karɓa kuwa yawancinsu samfurin IIIb ne da IIIc, farare ko masu fentin toka, da rubutun "Luftwaffen-Eigentum" da lambar "Fl. No. 38079". Babu ruwan zinare a cikinsu. Abin da ya cika hannun mutane shi ne FED da Zorki, kwaikwayon Leica II da Tarayyar Sobiyet ta riƙa ƙerawa: FED a Kharkov tun 1934, Zorki a Krasnogorsk tun 1948. Masu algus sukan kankare farin rufin har tagullar ta fito, su goge ta tana walƙiya, su zana sunan Leica. Kama da wane ba ta wane.

Kada ka tsaya kan rubutu, domin shi ne mafi sauƙin ƙirƙira. Kwance idon, zare ne da shi, murɗa shi hagu zai fito. Leƙa cikin ramin ta sama, za ka ga wani ɗan hannu wanda bayan idon ke turawa don ma'aunin nisa ya yi aiki. A Leica, bakin hannun ɗan taya ne zagayayye. A FED da Zorki, ɗan ƙarfe ne mai tsini kamar harshe. Wannan kaɗai yakan kashe magana, don masu algus ba safai suke wahalar canza shi ba.

Sai ka dubi madannin ɗauka. Na Leica mai zare kansa a shafe yake, wayar ɗauka daga waje take ɗaurewa, a kewayensa. Idan ka ga rami mai zare a tsakiyar madannin, aikin Sobiyet ne. Dubi gaban jikin kuma: IIIb da IIIc suna da ƙaramin faifai a gaba na jinkirin shata, da kunnuwa biyu na rataya igiya, alhali FED da Zorki na farko ba su da ko ɗaya. Faifan sama na Leica II yana ɗauke da Z, 20, 30, 40, 60, 100, 200, 500. Idan ka ga B, 25, 50, 100, 250, 500, wannan jerin FED da Zorki na baya-baya ne.

Idon ma ana yi masa algus, a mai da Industar, idon Sobiyet, ya koma "Elmar", idon Leica. Tsuke ƙofar hasken ka leƙa ta gaba. A Elmar 5 cm na gaskiya, ganyayen ƙofar suna nan dab da bayan gilashin farko, kamar ka taɓa su. A Industar suna can ciki.

Wani abu da ke rikita har waɗanda suka daɗe a harkar: kamfanin Leitz, mai ƙera Leica, yakan karɓi tsohuwar Leica I ya mai da ita II ko III, ya bar mata lambarta ta asali. Leica II ta fara ne daga lamba 71200 a 1932, saboda haka idan ka ga mai ma'aunin nisa da lambar da ba ta kai haka ba, ba lallai jabu ce ba. Sauran alamun ne za su raba gardama.

Idan ka samu ta gaskiya, ta ƙasa ake ɗura mata fim. Sai ka rage faɗin harshen fim ɗin da almakashi, tsawon kamar santimita 10, yankan ya tafi sumul ba tare da ya ratsa ta cikin hudar gefe ba. In ba haka ba, gutsuren fim yana karyewa ya faɗa cikin labulen shata.

Tambaya: Ina da kyamara mai naɗewa ta Zeiss Ikon. A fatar bayanta an buga 531/2, a idon kuma "Carl Zeiss Jena Tessar 10,5 cm", a ƙasansa "Compur-Rapid". Wace iri ce, kuma ta yaushe ce?

Amsa: Malama, kin kawo duk abin da ake bukata. Zeiss Ikon, wanda aka kafa a 1926 bayan haɗewar Ica, Ernemann, Goerz da Contessa-Nettel, yana da tsarin lamba mai sauƙin karantawa. Ta gaban sandar ita ce samfuri, ta bayanta kuma girman hoto da santimita. /2 na nufin 6x9, /16 na nufin 6x6, /18 na nufin 3x4 a fim 127, /15 na nufin 6.5x11 a fim 116, idan kuma babu komai bayan lambar to 4.5x6 ce. 515, 517 da 518 Nettar ne, masu rahusar gidan. 520 da 521 Ikonta. 530, 531 da 532 Super Ikonta, masu ma'aunin nisa. Taki Super Ikonta ce mai 6x9, wadda masu tarawa ke kira C. Tana ba da hoto 8 a fim 120, ko 16 idan farantin rage girma yana ciki, shi ya sa kika ga jajayen tagogi biyu a baya. Wannan farantin yawanci ya ɓace. In naki yana nan, ki adana shi da kyau.

An fara 531/2 a 1936, aka ci gaba da ita har farkon shekarun 1950, don haka sai an duba ido da shata kafin a san ɓangaren da ta fito. Kalmar Jena da rubuta tsawon ido da santimita sun karkata ga kafin yaƙi. Na bayan yaƙi da aka haɗa a Stuttgart galibi suna ɗauke da "Zeiss-Opton", wato aikin Oberkochen a Jamus ta Yamma, da milimita 105. Nemi jan harafin T a zoben idon. Shi ne alamar shafin da ke rage ƙyalli, wanda Alexander Smakula ya ƙirƙiro a Zeiss a 1935, amma bai wadatu a kayan farar hula ba sai bayan yaƙi. Gilashi mai shafi yana ba da launin shuɗi-shuɗi ko shanshanbale idan an karkata shi ga haske. Marar shafi fari ne fat.

Lambar idon tana ƙara matso da ke kusa. A jerin Jena, miliyan 1 ta faɗo wajen 1929, miliyan 2 kuma wajen 1937. Opton ya fara nasa lissafin daga ƙasa bayan yaƙi, kada a haɗa su. Ki tuna ido yakan riga jiki fitowa da watanni, wani lokaci fiye.

Shata ma kalanda ce. Compur, na kamfanin Friedrich Deckel da ke Munich, da farko da ɗan faifai a sama ake saita shi, zuwa ƙarshen shekarun 1920 ya koma zobe mai kewaye ido. Compur-Rapid ya zo a tsakiyar shekarun 1930, Synchro-Compur a 1951. Jerin 1, 2, 5, 10, 25, 50, 100 tsoho ne. 1, 2, 4, 8, 15, 30, 60, 125 ya shigo a tsakiyar shekarun 1950. Haka D.R.P. alamar rajistar ƙirƙira ce ta tsohuwar daular Jamus, D.B.P. kuma ta Jamus ta Yamma bayan 1949, ko da yake wasu masana'antu sun ci gaba da amfani da tsofaffin faranti masu D.R.P. shekaru bayan yaƙi.

Gargaɗi biyu. Gudun ƙarshe na Compur-Rapid, 400 a irin taki, yana da ƙarin sifirin mai ƙarfi: ki saita shi kafin ki ɗana shata, kada ki tura zoben zuwa can bayan kin ɗana. Sannan ki tare murfin gaba da tafin hannu lokacin buɗewa. Idan ya fizgo da kansa, zuga-zugin, wato baƙin naɗin da ke tsakanin ido da jiki, yana tsotso fim ɗin daga mazauninsa, hoton ya fito dishi-dishi a tsakiya.

Tambaya: Zoben saita nisa na Agfa Isolette ɗina ya ƙafe, ko motsi ba ya yi. In sa filaya?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, ajiye filayar. Wannan ciwon gidan Agfa ne: koren giris ɗin da suka sa a zaren gilashin gaba yana daskarewa da shekaru ya zama kamar gam. Zoben da ke ɗauke da lambobin nisa ƙananan kusoshi uku ne ke riƙe da shi ta gefe. Sassauta su kawai, kada ka fitar da su duka don ba a ganinsu idan sun faɗi. Cire zoben, ka ɗiga man laita ko sifirit kaɗan a bakin zaren, ka bar shi ya kwana, kana kiyaye kada ya gangara cikin shata. Sau da yawa gilashin gaba da na tsakiya sukan kwanto tare a manne. In haka ta faru, jiƙa su a sifirit kwana biyu ko uku, ka ɗan ɗumama da na'urar busar da gashi, ka murɗa da guntun roba a hannu. Yi alama a daidai inda zaren ya rabu, domin yana da mashiga fiye da ɗaya.

Bayan ka wanke ka sa sabon giris ɗan kaɗan, dole a sake saita nisa. Buɗe baya, manna takarda mai shara-shara a inda fim ke kwanciya, sa shata a B ka riƙe ta a buɗe, ka auna wani abu mai nisa sosai, ka murɗa gilashin har ya fito tar. A nan za ka mayar da zoben, alamar takwas-a-kwance, wato ta nisa marar iyaka, tana kan layi, ka ɗaure.

Kafin duk wannan wahala, gwada zuga-zugin. Shiga ɗaki mai duhu, jira minti biyu ido ya saba, sa tocila a ciki ta baya, ka bi kusurwoyin naɗin ɗaya bayan ɗaya. Na Isolette ba fata ba ne, wani abu ne mai sheƙi da ke tsagewa a kusurwa, kuma da wuya ka samu wanda bai huje ba. Huda ɗaya ko biyu ana toshewa da baƙin fentin yadi. Idan ka ga haske kamar taurari, sai sabon zuga-zugi. Ko ta cancanci wannan, idon ne zai faɗa: Agnar na ƙasa ne, Apotar na tsakiya, Solinar mai gilashi huɗu shi ne babba.

Tambaya: Na samu Voigtländer Vito B da Kodak Retina IIIc. Ta farko ina ja amma ba ta ɗauka, ta biyu hannun jan fim ya kulle. Sun mutu ke nan?

Amsa: Wataƙila lafiyarsu ƙalau, Malam. Vito B ba hannun ne ke ɗana shatarta ba, fim ɗin ne: yayin da yake wucewa yana juya wani taya mai haƙora, shi kuma ya ɗana. In babu fim, babu ɗauka. Buɗe baya ka juya tayan da yatsa zuwa ɓangaren da fim ke tafiya har ka ji ƙas, sannan ka danna.

Retina kuwa, ko da sunan Kodak ne a jikinta, 'yar Stuttgart ce, daga masana'antar August Nagel da Kodak ya saya. Retina ta farko ce ta fito da gwangwanin fim 135 a 1934. Ma'aunin ƙirgenta baya-baya yake yi, daga 36 ko 20 zuwa 1, kuma da ya kai 1 sai ya kulle hannun da gangan don kada a tsinke fim. Danna ɗan madannin da ke kusa da tagar ƙirgen, ka tura maɓallin da ke baya har lambar ta wuce 1, hannun zai saki. Wanda ya ja da ƙarfi a nan yana cinye haƙoran wani siririn ƙarfe da ke ɗana shata, kuma wannan ita ce lalacewar da ta fi kashe Retina. Murfin gabanta ma ba ya rufuwa sai an mayar da nisa kan takwas-a-kwance.

Rollei 35, ƙaramar nan da Heinz Waaske ya tsara ta fito a 1966, tana da irin wannan tarko: idonta ba ya komawa ciki sai an ja fim an ɗana shata tukuna. Duk tsohuwar kyamarar Jamus da ta ƙi motsi, fara da zaton akwai wani kulle da ba ka sani ba.

Tambaya: Mene ne bambancin Rolleiflex da Rolleicord? Kuma na sa fim a Rolleiflex ina ta juyawa har ya ƙare, lamba ba ta motsa daga sifili ba.

Amsa: Hajiya, duka biyun na Franke & Heidecke ne a Braunschweig, masu ido biyu, na sama na kallo, na ƙasa na ɗauka, hoto 12 masu 6x6. Rolleiflex ta shiga kasuwa a 1929, Rolleicord ta biyo a 1933 a matsayin ƙanwa mai sauƙin kuɗi. Rolleicord da dunƙulen murɗawa ake jan fim, a ɗana shata daban da wani ɗan hannu a ƙarƙashin ido. Rolleiflex tun daga Automat ta 1937 hannun juyawa ɗaya ke yin aikin biyu.

Matsalarki daga wannan Automat ɗin take. A ƙasa, kusa da inda sabon fim ke zama, akwai rola biyu a jere. Takardar fim sai ta bi ta tsakaninsu, wato ƙarƙashin ta farko. Su ne ke jin kaurin wurin da aka manna fim da takarda, su tayar da ƙirge. Idan takardar ta bi ta samansu, kyamarar ba ta san an sa mata komai ba. Fim ɗin bai lalace ba tunda bai ga haske ba. A cikin duhu sosai ana iya mayar da shi kan kwarkwaronsa na farko. Rolleiflex T da Rolleicord na baya ba su da wannan dabara, a su kibiyar takarda ake daidaitawa da jajayen ɗigo kafin a rufe.

Wajen saye, idon ƙasa za ki karanta, kada Heidosmat na sama ya ɗauke miki hankali. Triotar gilashi uku ne, Tessar da Xenar huɗu, Planar da Xenotar su ne na ƙoli. Xenar da Xenotar na Schneider ne a Kreuznach, kuma lambobinsu suna da sauƙin bi: miliyan 2 a 1948, miliyan 3 a 1952, miliyan 5 a 1957. Murɗa nisa har farantin gaba ya koma ciki, ki duba ratar da ke tsakaninsa da jiki dama da hagu. Idan ba daidai take ba, kyamarar ta taɓa faɗuwa ta fuska, gefe ɗaya na hoto ba zai taɓa fitowa tar ba. A Planar kuma ki duba gefen gilashi: launin bakan gizo mai shigowa daga baki alama ce gam ɗin da ya haɗa gilasai biyu ya fara saki.

Tambaya: An ce mini kayan Jamus ta Gabas ba su da daraja. Ina da Exakta da wani ido mai rubutun "aus Jena" kawai.

Amsa: Wanda ya faɗa maka haka bai yi wa Dresden adalci ba, Malam. A can Ihagee ya fitar da Kine Exakta a 1936, a can aka yi Contax S a 1949, daga can kuma Praktica ta bazu da zaren M42 wanda har kamfanonin Japan suka ɗauka. "aus Jena" Zeiss ne na Jena. Bayan rabuwar ƙasar, kamfanonin biyu sun yi ta shari'a kan sunan, sai na Gabas ya riƙa cire shi daga kayan da zai kai wasu ƙasashen Yamma, ya bar harafi ɗaya: T maimakon Tessar, B maimakon Biotar, S maimakon Sonnar. Gilashin ɗaya ne. Harafin Q mai 1 a ciki tambarin inganci ne na gwamnatin Gabas, VEB kuma na nufin masana'antar gwamnati.

Exakta ta bahago ce, hannun ja da madanni duk a hagu. A samfuran da suka riga VX 1000, tagar leƙe takan yi baƙi bayan ɗauka har sai an ja fim, ba lalacewa ba ce. Akwai ɗan sanda a ƙasa mai wuƙar yanka fim a ciki, kada ka ja shi da fim a ɗure. Rauninta labulen shata ne, yadi mai shafin roba da ke bushewa ya tsattsage. Cire ido, buɗe baya, haska tocila ta gaba, ka ja hannun a hankali kana kallon labulen biyu suna wucewa.

Inda ake bukatar ido sosai shi ne Contax II ta 1936. Bayan yaƙi an kwashe aikinta zuwa masana'antar Arsenal a Kiev, kuma ana mai da kyamarar Kiev da aka ƙera a can ta koma "Contax". Lambar ta gaskiya da harafi take farawa, tana cikin takalmin sama, wato mazaunin da ake zura filasha, kuma ita ce a cikin murfin baya. Ramin wayar filasha a gaba alamar tambaya ce, don Contax II ba ta fito da shi daga masana'anta ba.

Tambaya: Yaya zan ajiye su kada su lalace?

Amsa: Fitar da su daga jakunkunansu na fata, Malama, ki ajiye jakar daban. Fata tana riƙe laima, laima kuma ita ke kawo fumfuna, wadda za ki gani kamar saƙar gizo a cikin ido idan kin haska tocila ta baya. In ta daɗe tana cin shafin gilashi, tabon ba ya fita. Akwati mai rufuwa ruf da ƙunshin silika da ɗan ma'aunin laima ya isa. Ki riƙe shi tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Ƙasa da haka sosai fatar jiki da zuga-zugi suna bushewa. Ƙananan ƙuraje a ƙarƙashin fatar Zeiss Ikon koren tsatsa ne da ke taruwa a kan kusoshin tagulla. Ana ɗaga fatar a kankare a mayar.

Ki bar shata a sake, ba a ɗane ba, sai Rollei 35 da dole a ɗana kafin a shigar da ido. Duk wata ki danna kowane gudu sau biyu ko uku. Kada mai ya kusanci ganyayen shata, a bushe aka yi su su yi aiki. Ɗan hannun jinkirin ɗaukar kai, mai jan ɗigo ko harafin V, ki ƙyale shi a kyamarar da ba a wanke ba, don idan ya tsaya a tsakiya yana kulle shatar gaba ɗaya. Ma'aunin haske na seleniyom, mai gilashi kamar saƙar zuma, a rufe shi ko a ajiye a duhu. Leica da duk mai labulen yadi marar madubi a sa mata murfin ido, domin rana tana bi ta gilashin ta ƙona huda a labulen cikin ɗan lokaci.

Ki cire batir daga duk mai batir. Rollei 35 da ire-irenta an yi su ne don PX625 mai zaiba, volt 1.35, wanda aka daina yi. Na alkalin mai siffarsa volt 1.5 ne, yana sa allurar ta yi ƙarya, kuma ƙaryar tana canzawa yayin da yake raguwa. Batir 675 na na'urar taimaka wa ji yana ba da kusan 1.4, a sa masa ɗan zoben roba ya cike gurbin, a ɓare takardar bayansa a jira minti ɗaya kafin a saka, a kuma canza shi bayan 'yan watanni ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba.